Kano Ta Yi Faɗi, Mota Ta Yi Tsada: Ina Ikilisiya Ta Dosa?

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, maganar mota ta sake kama a cikin ikilisiyoyinmu. A da idan ɗan'uwa ya sayi mota yakan kawo ta harabar majami'a ranar Lahadi, a yi mata addu'a, a yi masa barka da arziki. Yanzu kuwa akwai 'yan'uwa da dama da motocinsu ke ajiye a ƙofar gida an lulluɓe su da tamfol, mai motar kuma yana tsaye a bakin titi yana tsaida ɗan sahu. Wannan ya sa wasu suka fara cewa ai mota ba komai ba ce sai ɗawainiya, wasu ma suna ganin alfahari ce kawai irin ta duniya.

Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba. A gari mai faɗi kamar Kano mota tana da amfani na ainihi, har akwai daren da ita ce ke tsakanin rai da mutuwa. Abin da ya canja shi ne yanzu mutum ɗaya mai ƙaramin ƙarfi ba ya iya ɗaukar nauyinta, saboda haka ya kamata mu zauna mu duba yadda amfanin nata zai kai ga jama'a.

Kanon da iyayenmu suka sani gari ne da mutum zai iya ratsawa da ƙafa ko da keke. Akwai birni a cikin ganuwa, akwai Fagge, akwai Sabon Gari da ya tashi bayan isowar jirgin ƙasa a shekarar 1911, sai kuma Nasarawa da Bompai. Yau idan ana maganar birnin Kano ana nufin ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso. Ƙidayar shekarar 2006 ta sami mutane wajen miliyan 2.8 a cikinsu, kuma duk wanda ke shiga Kano ya san gonakin da ake noma gero a wancan lokaci yanzu gidaje ne. Ta hanyar Gwarzo gari ya wuce Kabuga da Rijiyar Zaki ya kai sabuwar jami'ar Bayero yana neman Janguza. Ta hanyar Katsina ya bi Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa har Dawanau. Ta hanyar Zariya ya wuce Na'ibawa, ta hanyar Maiduguri ya wuce Hotoro da Mariri, ta kudu kuma ya haɗe da Panshekara. Garin bai yi sama ba, gefe ya yi. Kowa yana neman fili mai sauƙin kuɗi a bayan gari, amma asibiti da kasuwa da ofis suna nan inda suke tun da can.

Wani zai ce to mu mutanen Rogo da Karaye ina ruwanmu da faɗin Kano? Ruwanmu kuwa babba ne. Ƙaramar hukumar Rogo tana can ƙuryar jiha, ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, har ma Zariya ta fi Kano kusa da mu. Duk da haka Kano ce hedikwatar jiharmu. Can ne ma'aikatun gwamnati suke, can ake bin fansho, can ake tura marar lafiyar da abinsa ya fi ƙarfin asibitin gida, can kuma 'ya'yanmu da yawa suke gadi da leburanci da koyarwa da karatu. Da wuya a sami gida a Zarewa ko Beli ko Fulatan ko Bari da ba shi da wani a birni. Wahalar sufuri a Kano wahalarmu ce, sai dai mu tamu ta ninka, domin sai mun yi tafiyar sa'o'i kafin ma mu fara ta cikin gari.

Amfanin mota na farko shi ne lokaci. A ɗauki misalin dattijon da aka kawo daga ƙauye idonsa yana ciwo. Motar haya za ta sauke shi a tasha, daga nan sai an nemi ɗan sahu zuwa Asibitin Ido na ECWA, wanda mishan ta buɗe tun 1943. Idan likita ya ce a je a yi wani gwaji a Asibitin Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, tafiya ce daga wannan gefen gari zuwa wancan. Idan kuma za a kwana wajen ɗa ko jika a Dorayi ko Dakata, wata tafiyar ce ta uku. Kowace tafiya da jiranta, da cinikinta, da sauka a sake hawa, ga tsoho ba ya gani sosai, ga rana. Mai mota zai gama waɗannan duka kafin azahar ya kama hanyar gida. Marar mota kuwa sai ya kwana biyu, watau kwana biyu babu aikin gona, ga kuɗin abinci, ga nauyi a kan mai masauki. Idan aka lissafa da kyau, talaka ne ya fi biyan tsadar faɗin gari, da kuɗinsa da ƙarfin jikinsa.

Sai kuma maganar dogaro. Abin hawan haya a Kano ya sha canji a cikin shekaru ashirin da suka wuce, kuma kowane canji a kan marar mota yake faɗawa. A shekarar 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku da aka sa wa suna A Daidaita Sahu, da nufin ɗaukar mata. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin birni, acaɓa ta kau, kusan dukkan nauyin sufuri ya koma kan 'yan sahu. A watan Fabrairun 2021 'yan sahu suka tafi yajin aiki a kan harajin Naira 100 na kullum, a watan Janairun 2022 kuma suka sake tafiya a kan kuɗin rajista da hukumar KAROTA ta nema. Duk wanda ke Kano a waɗannan kwanaki ya ga ɗalibai da ma'aikata da mata masu goyo suna taka sayyada a gefen titi. Sa'an nan a watan Yulin 2022 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta hana 'yan sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda tsaro. Ba muna cewa waɗannan matakai ba su da dalili ba. Wasu daga cikinsu an ɗauke su ne a lokacin da jini ke zuba a gari. Amma duk ranar da aka yi doka ko aka tafi yaji, mai mota yakan tada motarsa ya wuce, sauran jama'a kuwa sai yadda hali ya yi.

A nan ne muke son masu karatu su ɗan dakata, domin ciwo ba ya duba agogo, naƙuda kuma ta fi son dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata wajen dubu 75 ne suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan irin wannan mutuwa a duniya. Tun a shekarar 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana cewa jinkiri iri uku ne ke kashe mace mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farko a cikin gida yake, na uku a hannun gwamnati da ma'aikatan lafiya yake. Na tsakiyan kuwa maganar abin hawa ce zalla. Kuma mun lura na farko ma sau da yawa daga na biyun yake fitowa. Maigida ya san babu mota a unguwa, ya san in ya tada direba cikin dare kuɗin shata za a ce masa, sai ya ce a bari gari ya waye. Macen da ke zubar da jini bayan haihuwa kuwa tana iya rasuwa cikin sa'o'i biyu. Mu da muke tsayawa a bakin kabari muna karanta addu'ar jana'iza mun san yawan waɗanda gari bai waye da su ba.

Wannan ne ya sa a wasu jihohin Arewa aka yi shiri da ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, inda aka horar da direbobin haya su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa ba tare da tsawwala kuɗi ba. Shiri ne mai kyau, kuma ya nuna cewa ba lallai sai motar asibiti mai jiniya ba. Mota ta yau da kullum, da mai a cikinta, da direban da zai amsa waya, ta isa ta ceci rai.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a matsayinmu na masu bi. Yawancin manyan majami'un Kano suna Sabon Gari da kewayenta, alhali kuwa 'yan ikilisiya da yawa tsadar haya ta kore su zuwa bayan gari. Iyali mai mutum shida da ke zaune can gefen Panshekara ko Mariri, idan za su zo sujada su koma, sai sun cika ɗan sahu ɗaya har su nemi na biyu. Abin da ke faruwa shi ne a raba: wannan mako uba da manyan yara, mako mai zuwa uwa da ƙanana. Taron addu'a na tsakiyar mako, da koyon waƙa, da ajin baftisma, su ne suka fara mutuwa. Idan muka ga kujeru babu kowa mukan yi saurin cewa bangaskiya ta yi sanyi, alhali wani lokaci aljihu ne ya yi sanyi. A karkara ma haka ne ta wata fuska. Mai bishara ɗaya yana kula da ƙauyuka uku ko huɗu, da damina kuma hanya ta yanke, gawa ta taso daga birni babu motar kawo ta gida.

Game da sana'a ba sai mun tsawaita ba. Manomin da ke da akori-kura yakan kai masararsa Dawanau da kansa, wanda ba shi da ita kuwa yakan sayar a bakin gona a farashin da dillali ya ga dama. Kowa ya san wannan.

To, amma fa mota ba ta shan ruwa. Dattawanmu suna tuna lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, lokacin da malamin makaranta ko ma'aikacin jinya zai iya karɓar rancen mota ya fito da sabuwar 504 a leda. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, aka koma 'yan Beljiyam da ake shigowa da su ta Kwatano. A watan Nuwamba na 1993 litar mai ta tashi daga kwabo 70 zuwa Naira 5, aka yi ta kuka har gwamnatin Janar Abacha ta mai da ita Naira 3 da kwabo 25, kafin ta kai Naira 11 a 1994. A lokacin an ɗauka duniya ta zo ƙarshe. To, a farkon 2023 lita tana ƙasa da Naira 200 a farashin gwamnati. Cikin kwanaki kaɗan bayan cire tallafi ta haura 500, a watan Yuli ta kai 617, a watan Oktoban 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a gidajen man NNPC na Abuja. Ta ɗan sauko a 2025, amma ba ta koma ko kusa da inda ta fito ba. A wannan tsakanin ne kuma aka saki Naira ta nemo wa kanta daraja, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sai taya da batir da baƙin mai da kowane ƙarfe da bakanike zai ce a sayo suka bi ta.

A yi lissafi mai sauƙi. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Jihar Kano ta amince da shi a 2024 Naira dubu 71 ne. Idan lita tana Naira 1,000, cika tanki mai lita 40 sau ɗaya ya cinye fiye da rabin albashin. Ba a yi juye ba, ba a sabunta takardu ba, ba a sayi abinci ba. Saboda haka duk wanda ya tsaya a kan bagade yana gaya wa matasa cewa alamar albarkar Ubangiji ita ce kowa ya yi mota, ya sani yana ɗora musu kayan da zai karya musu wuya. Mun ga waɗanda suka sayar da gonar gado suka sayi tsohuwar mota, shekara ba ta zagayo ba motar ta kwanta a gareji, babu gona babu mota.

Ko da ma a ce kowa zai iya saye, titin ba zai ɗauka ba. Daga 2011 zuwa yau gwamnatocin Kano sun gina gadoji na sama da na ƙasa a Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Dangi da Hotoro da Sabon Gari, an kuma kama aikin wasu a Tal'udu da Ɗan Agundi. Ayyuka ne da ido ke gani, sun kuma rage cunkoso a wasu mahaɗu. Sai dai gada tana amfanar wanda ya riga ya sami abin hawa ne. Abin da gari mai faɗin Kano ke bukata shi ne manyan bas masu bin layi a kan lokaci, masu aiki har dare, da kuɗin da lebura zai iya biya. A shekarar 2016 gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniyar jirgin ƙasa na cikin gari da wani kamfanin ƙasar Sin a kan dala biliyan 1.85, shekaru suka shuɗe mutanen Kano ba su hau shi ba. Wannan magana ce da ya kamata shugabanninmu na ikilisiya su riƙa tada wa 'yan siyasa idan sun zo neman ƙuri'a, tare da maganar hanyoyin karkara na Rogo da Karaye, maimakon a tsaya a kan roƙon kujerar Urushalima kawai.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Muna da al'ada mai kyau ta haɗa kuɗi a sai wa fasto ko bishop mota, kuma ba mu ga laifin girmama bawan Allah ba, aikinsa ma yana bukatar abin hawa. Amma sau da yawa motar takan zama ta mutum, ranar da aka canja masa wurin aiki ta bi shi, ikilisiya ta koma inda take. Abin da muke ba da shawara shi ne motar jama'a, wadda takardunta ke ɗauke da sunan ikilisiya ko gunduma, wadda aikinta na farko shi ne marar lafiya da mai naƙuda, na biyu jana'iza, na uku kwaso tsofaffi da na nesa ranar Lahadi. Inda ikilisiya ɗaya ba za ta iya ba, uku ko huɗu na kusa da juna su haɗu. A yankinmu akwai 'yan Anglikan da 'yan ECWA da 'yan Katolika da sauransu, sau da yawa ma 'yan gida ɗaya ne, babu dalilin da zai sa kowa ya tsaya jiran tasa.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya: kayan jama'a ba shi da mai shi. An sha ganin bas ɗin ikilisiya da aka saya da murna, aka rubuta mata suna da fenti, bayan shekara biyu kaji suna ƙwai a cikinta. Abin da ke kashe irin waɗannan motoci sananne ne. Ana tara kuɗin saye, ba a tara na gyara. Kowane dattijo yana ganin yana da ikon aika ta ɗaurin auren ɗan ƙanwarsa. Direbobi biyar suna taɓa sitiyari, babu wanda ya san ranar da aka yi juye na ƙarshe. Waɗannan duka ana iya maganinsu tun kafin a sayo motar. A ware asusun gyara dabam, kada a taɓa shi don ginin katanga. A sa direba ɗaya mai lasin, da mataimaki ɗaya, a riƙa ba su wani abu, domin wanda ake tashi ƙarfe biyun dare ya cancanci ladan aikinsa. A ajiye littafi a cikin motar, duk tafiya a rubuta inda aka je da man da aka sha, ma'aji ya karanta shi a gaban jama'a kamar yadda yake karanta baiko. Wanda ya ɗauke ta don biki ko kasuwa ya biya cikakken kuɗi, wannan kuɗin ne zai ɗauki nauyin wadda aka kai asibiti ba ta da ko sisi. A cikin kwamitin kuma lallai a sa Zumuntar Mata, domin su ne suka san wadda watanta ya kama, su ne kuma, a gaskiya, suka fi mu iya riƙon kuɗi.

Ga 'yan'uwa da Allah ya hore wa motar kansu, a birni ko a gida, ba sai an jira kwamiti ba. A cikin misalin da Ubangijinmu ya bayar a Luka sura 10, Basamariyen nan dabbarsa ta hawa ya ɗora wa wanda aka yi wa rauni, ya kuma biya kuɗin masauki daga aljihunsa, bai tambayi kabilarsa ba. A garuruwanmu maƙwabcinmu Musulmi ne, sau da yawa ma ɗan'uwanmu ne na jini, kuma mu ma sau nawa motar Alhaji ta kai namu asibiti cikin dare. Motar da za ta tsaya tambayar addinin mai naƙuda gara ba a saye ta ba. Abin da ake bukata kaɗan ne: masu mota a kowace ikilisiya su yarda a rubuta lambobin wayarsu, a raba makonni a tsakaninsu, wanda makonsa ne kada ya kwanta da tanki a bushe, ikilisiya kuma ta mayar masa da kuɗin man da ya ƙona.

Kaka ce lokacin da kuɗi ke shiga hannun manomi, ita ce kuma lokacin da majalisun ikilisiya ke zama su tsara kasafin shekara mai zuwa. Muna roƙon dattawa da sakatarori su sa wannan magana a jerin abubuwan da za a tattauna, kuma kafin ranar zaman a aiki mutum biyu su je wurin bakanike da tasha su jiyo ainihin farashin mota mai ɗan lafiya, da na tayoyi huɗu, da abin da direba ke karɓa a wata, don a yi maganar da alƙaluma a gaba.